Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa: Ma'aunin Littattafan Almara Na Matasa

A watan Yunin 1997 kamfanin ɗab'i na Bloomsbury da ke Landan ya fitar da labarin wani maraya da aka gayyata makarantar koyon sihiri. Bugun farko mai kaurin bango kwafi 500 ne kacal. Shekara goma bayan haka, da littafi na bakwai na Harry Potter zai fito, sai da mutane suka raba dare a layi a ƙofar shagunan littattafai, kuma zuwa yau an sayar da fiye da kwafi miliyan 500 na jerin, an fassara shi zuwa harsuna sama da 80. Masu ɗab'i sun gane cewa ɗan shekara 14 zai iya cinye littafi mai shafi 700 a ƙarshen mako guda ya nemi ƙari, sai suka shiga kwarara masa. Twilight na Stephenie Meyer da Percy Jackson na Rick Riordan sun fito a 2005, The Hunger Games na Suzanne Collins a 2008, Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi a 2018. Littattafan nan sun daɗe da isowa hannun 'ya'yanmu masu karatun Turanci, wasu a takarda, wasu a cikin waya, ga kuma finafinansu. Saboda haka muhawarar da ake yi a kansu ta zama tamu, ko mun so ko mun ƙi.

Muhawarar yawanci gida biyu take rabuwa. Gida ɗaya na cewa duk abin da zai sa yaro ya zauna ya riƙe littafi alheri ne, kada a tsananta bincike. Ɗaya gidan na cewa shirme ne zalla, ga tsafi ga ɓata lokaci. Dukansu biyu kuɗin goro suka yi wa littattafan, alhali a cikinsu akwai masu gina hankali, akwai masu shagwaɓa shi. Ina ganin akwai tambaya guda da ke bambance su: ƙarfin da aka ba jarumin labarin, me ya ci masa? Wannan tambaya ta fi dacewa da matashi fiye da kowa, domin shi ne mutumin da iko ke zuwar wa kafin hankali ya nuna. Jikinsa ya yi ƙarfi, muryarsa ta buɗe, an damƙa masa waya da makullin babur, yana iya ɓata sunan wani da saƙo ɗaya, amma bai taɓa ganin ƙarshen abin da hannunsa ke iya jawowa ba. Labarin almara yana ɗaukar wannan hali ya kambama shi har ya fito fili, ya ba yaro ikon kiran guguwa ko ta da matattu, sannan ya nuna abin da ya biyo baya. Idan abin da ya biyo baya biyan farashi ne da ɗaukar alhaki, littafin ya yi aikinsa. Idan tafi ne kawai da cikar buri, ya yaudari mai karatu a daidai lokacin da ya fi buƙatar gaskiya.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne A Wizard of Earthsea na Ursula K. Le Guin, wanda ya fito a 1968, kusan shekara 30 kafin Harry Potter, shi ma da makarantar masu sihiri a cikinsa. Jarumin, Ged, ɗan maƙeri ne mai kiwon awaki, mai baiwa da girman kai. Wani ɗalibi ɗan manya ya raina shi, sai ya ɗauki alwashin kiran ruhin wata matacciya don ya nuna iyawa. Ya kira ɗin, amma wata baƙar inuwa ta biyo ta ƙofar da ya buɗe, ta yage masa fuska, shugaban makarantar kuma ya rasa ransa wajen rufe ƙofar. Sauran littafin duka biyan bashin wannan dare ne. Ged ya yi ta gudu daga tsibiri zuwa tsibiri, inuwar na biye da shi, har tsohon malaminsa ya ba shi shawarar ya juya ya fuskance ta. A ƙarshe ya gane cewa abin da yake gudu wani yanki ne na kansa, kuma bai samu lafiya ba sai da ya yarda da haka. Babu azzalumin sarki da za a ɗora wa laifi, babu rundunar da za a karkashe a huta. Matashin da ya taɓa yin abin kunya don burge abokai zai gane wannan labari tun kafin a yi masa bayani.

Harry Potter ma, duk da barkwancinsa da wasannin tsintsiya, a kan wannan harsashi aka gina shi. Dokar da marubuciyar ba ta taɓa karyawa ba ita ce sihiri ba ya dawo da wanda ya mutu. Yaron ya rasa iyayensa tun yana jariri, ya rasa ubangidansa a littafi na biyar, ya rasa malaminsa a na shida, kuma babu sandar da ta gyara ko ɗaya. Mugun da ke cikin labarin kuwa, abin da ya mai da shi mugu shi ne ƙin yarda da mutuwa, har ya riƙa kashe mutane yana tsattsaga ransa yana ɓoyewa don ya dawwama. The Hunger Games, wanda ya fi kusa da labarin mulkin kama-karya amma kanta ɗaya suke zama da waɗannan, ya fi tsanani. Jarumar, Katniss, ta miƙa kanta filin kisa don ta fanshi ƙanwarta, ta zama tutar masu tawaye, amma a ƙarshen littafi na uku ƙanwar ta mutu a wani hari da alamu suka nuna ɓangaren tawayen ne ya kitsa shi, kuma shugabar 'yan tawayen ta fara shirin maimaita zaluncin da aka kayar. Tomi Adeyemi, 'yar asalin Nijeriya da aka haifa a Amurka, ta bi wannan hanya. Jarumarta Zélie ta yi fafutukar dawo da baiwar da sarki ya ƙwace wa jama'arta bayan ya kashe mahaifiyarta, ta yi nasara, amma mahaifinta ya mutu a kan idonta, kuma baiwar ta farka har a jikin 'ya'yan sarautar da suke danne su, yaƙin ya ƙara muni. Duk wanda ya ga yadda juyin mulki ke ƙarewa a nahiyarmu ba zai kira wannan shirme ba.

Wannan ma'auni ba yabo kaɗai yake rabawa ba, yana kuma kayar da littattafai masu farin jini. A Twilight, Bella ta zaɓi zama mai shan jini don ta zauna da masoyinta har abada, kuma littattafai uku suna ta gargaɗin cewa zaɓin zai raba ta da danginta da mutuntakarta. Da lokacin biya ya zo a na huɗu, sai ta samu kyau da ƙarfi da dawwama da 'ya, mahaifinta kuma yana nan a rayuwarta. Saurayin da ke shiga ɗakinta da dare yana kallonta tana barci ba da saninta ba, wanda ya taɓa cire wa motarta wani ƙarfe don kada ta je wajen abokinta, an nuna shi a matsayin ƙarshen soyayya. Bayan nasarar irin waɗannan, masu ɗab'i suka mai da abin masana'anta: yarinya da ba ta san ita ta musamman ba ce, samari biyu masu takara a kanta, annabcin da ya riga ya zaɓe ta, da labarin da bai wuce littafi ɗaya ba amma aka ja shi zuwa uku. Masu fim suka ƙara da raba littafin ƙarshe gida biyu, har dabarar ta ci tura a kan Divergent, inda kashi na farko na ƙarshen ya faɗi a kasuwa a 2016, na biyun kuma ba a taɓa yin sa ba. Wanda ya ce yawancin abin da ke kan kantar nan kwaikwayon juna ne ya faɗi gaskiya. Sai dai haka yawancin kowane nau'in adabi yake, kuma ba a yanke wa waƙa hukunci da mafi raunin mawaƙa.

Suka ta farko da ake yi wa nau'in baki ɗaya ita ce gudun duniya ne: yaro ya bar jarrabawa da talauci da rashin tsaro ya tafi ƙasar da babu ita. J.R.R. Tolkien ya amsa wannan tun a laccar da ya gabatar a Jami'ar St Andrews a 1939, inda ya bambanta fursunan da ya tsere daga kurkuku da sojan da ya gudu daga fagen daga. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce abin da masu karatun suka yi da labaran. Collins ta ce tunanin littafinta ya zo mata ne tana sauya tashoshin talabijin tsakanin shirin gasa na nishaɗi da rahoton yaƙin Iraƙi, har biyun suka cakuɗe mata. Bayan juyin mulkin soja na 2014 a Thailand, matasa suka ɗauki gaisuwar yatsu uku ta cikin labarin suka mai da ita alamar ƙin mulkin soja, har aka tsare ɗalibai biyar da suka ɗaga ta a gaban shugaban mulkin, Prayut Chan-o-cha. A 2021 alamar ta sake bayyana a titunan Myanmar. Adeyemi kuma ta bayyana cewa kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙar fata a Amurka ne ya tunzura ta rubutu. Ashe ƙasar da babu ita tana iya zama wurin da matashi ke fara ganin tasa da kyau. A ɗaya gefen, labarin da babu aljani ko ɗaya a cikinsa yana iya fin na aljannu ƙarya. Labarin talakar da attajiri ya gani a bakin titi ya aura, matsalolinta duka suka ƙare a shafin ƙarshe, gidaje da motocin cikinsa na gaske ne, amma darasinsa ya fi tsintsiya mai tashi nisa da gaskiya.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Sihiri yana cikin manyan zunubai masu halakarwa a Musulunci, Kiristanci ma ya haramta shi, to yaya za a miƙa wa yaro littafin da jaruminsa masihirci ne? Ba mu kaɗai ke wannan tambaya ba. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta sa Harry Potter a kan gaba cikin littattafan da aka fi neman a cire daga makarantu da ɗakunan karatu tsakanin 2000 da 2009. A ƙarshen 2001 wata majami'a a jihar New Mexico ta ƙona shi a bainar jama'a, a 2002 kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana shi a makarantu masu zaman kansu. Damuwar ta fi samun gindin zama a wajenmu, domin ga yaron Ingila boka abin cikin littafi ne, a nan kuwa mutum ne mai ɗaki da masu zuwa wurinsa, kuma an ga gidajen da ya rusa. Duk da haka, sanda mai tartsatsi da kalmomin da marubuciya ta ƙaga daga Latin ba su haɗa hanya da abin da ake binnewa a bakin ƙofa ba, kuma yaron da ya sauke littattafan bakwai bai koyi surkulle ko ɗaya ba, shi ma ya san haka. Abin da ke kai mutum wajen boka shi ne son samun abu ba tare da biyan haƙƙinsa ba: miji a tafin hannu, kujera babu ƙuri'a, dukiya babu gumi. Littafin da ya ci ma'aunin da na kawo, wannan kwaɗayin yake yaƙa tun daga bangon farko.

Ya kamata kuma mu tuna daga inda ƙagaggen labarin Hausa na boko ya taso. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa Muhammadu Bello Kagara. A na farko, Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, bai same shi ba sai da taimakon aljannu. A na biyu, jarumin da ya yaƙi Turawa ya ƙarasa cikin duniyar aljannu yana ta gumurzu. Marubutan nan 'ya'yan gidan malanta ne, Bello Kagara ya zama Walin Katsina, Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma an shafe shekaru ana karantar da littattafansu a makarantu ba tare da an ce sun fitar da kowa daga addini ba. Kafin su akwai tatsuniyoyin Gizo da Dodo da kakanni ke yi wa jikoki da dare. Wannan bai nufin kowane littafi ya dace da kowane yaro ba. Adeyemi ta gina duniyarta a kan abubuwan bautar gargajiya na Yarabawa, waɗanda har yau akwai masu bauta musu, Philip Pullman kuma a jerin His Dark Materials bai ɓoye rigimarsa da hukumar coci ba. Uban da ya ce ɗansa ya dakata da waɗannan sai ya ƙara girma, ko ya ce sai sun karanta tare, bai yi laifi ba. Hukunci ne na littafi ɗaya bayan ɗaya, wanda ke buƙatar a san abin da ke ciki.

Inda haɗarin ya fi yawa ma ba inda ake ta kallo ba ne. Iyaye na neman sanda da tsintsiya a bango, alhali abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne shigowar batsa. Jerin A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas ya fara fitowa a 2015 a matsayin na matasa, daga baya sai da aka sake masa bango aka mai da shi sashen manya saboda abin da ke ciki. Fourth Wing na Rebecca Yarros, na 2023, don manya aka rubuta shi, amma labarin 'yan makaranta ne da dodanni masu aman wuta, kuma TikTok ba ya tambayar shekarun wanda yake tallata wa littafi. Wani binciken kasuwa da kamfanin Bowker ya fitar a 2012 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan matasa 'yan shekara 18 ne zuwa sama. Idan mai biyan kuɗin babba ne, sannu a hankali za a riƙa dafa abin da ɗanɗanonsa, a bar yaron da aka ce don shi ake yi. Haramcin kuɗin goro ba ya maganin wannan, domin littafin da aka hana a falo yana shiga waya cikin minti ɗaya, kuma yaron da aka gaya wa duka haramun ne ya rasa wanda zai tambaya wanne ya fi wanne.

Suka ta ƙarshe ta masana adabi ce. Harold Bloom ya rubuta a 2000 cewa salon Rowling, marubuciyar Harry Potter, cike yake da maganganun da aka gaji da ji, A.S. Byatt ma ta yi mata irin wannan raddi a 2003. Akwai gaskiya a nan. Yawancin littattafan nan da sauƙin harshe aka rubuta su, gudun labari suka fi kula da shi fiye da daɗin jimla, kuma babu tabbacin cewa wanda ya fara da su zai wuce zuwa Achebe ko Tolstoy. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. The Amber Spyglass na Pullman ya lashe babbar kyautar Whitbread ta 2001, inda ya doke littattafan manya, karo na farko da littafin yara ya yi haka, kuma rubutun Le Guin zai zauna kusa da na kowa ba tare da jin kunya ba. Ban da haka, yaron da ya bi labari ɗaya tsawon dubban shafuka, ya riƙe sunaye da dama a kansa, ya gano a littafi na bakwai cewa malamin da ya tsana tun na farko ba yadda ya zata yake ba, ya koyi haƙurin karatu da jinkirin yanke wa mutum hukunci. Waɗannan biyu su ne jarin duk wani karatu mai zurfi da zai zo daga baya.

Saura namu aikin. Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka ga iyaye 'yan ƙabilar Ibo, ta kafa The Shadow Speaker na 2007 a ƙasar Nijar ta shekarar 2070, ta kuma gina Akata Witch na 2011 a kan wata yarinya zabiya da ke zaune a Nijeriya. Ita ta ga abin rubutu a ƙasarmu. Mu ma muna da magabata a wannan fage, irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, ga kuma littattafan yaƙi da samari suka daɗe suna haya suna karantawa. Sai dai da yawa daga cikin na yaƙin nan ba za su ci ma'aunin ba, domin jarumin kan sare dakaru dubu da sara ɗaya, ya auri gimbiya, ya koma gida ko ƙwarzane babu. Kayan aiki kuwa jibge suke: Barbushe a kan Dala, macijin rijiyar Kusugu, ganuwar Surame ta Kanta, Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa a 1899. Marubucin da zai ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan, ya sa ɗan shekara 15 a tsakiya, ya ba shi ƙarfin da ya fi hankalinsa, sannan ya yi jarumtar barinsa ya yi kuskure ya biya, zai samu masu karatu daga Kano har Damagaram. Iyaye da malamai kuma, maimakon tambayar yaro ko akwai aljani a littafin da ke hannunsa, su tambaye shi me jarumin ya rasa, kuma laifin wa. Idan yaron ya yi dogon bayani har da gardama, a ƙyale shi ya ci gaba. Idan ya ce bai rasa komai ba, lokaci ya yi da za a nemo masa wanda ya fi shi.